Wasiƙa zuwa ga abokina kan saksofon bariton

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga tambayar da ka yi game da saksofon bariton, wato babban abin busa mai zurfin murya, da kuma fargabar da girmansa ya sa maka. Ina so in nuna maka cewa wannan girman shi ne tushen muryarsa, domin iska tana bin bututu mai tsawo kafin ta fito, kuma gwargwadon tsawon bututu gwargwadon zurfin sauti.

Da za a miƙe bututun, tsawonsa zai haura mita 2, shi ya sa aka lanƙwasa shi a ƙasa, aka kuma naɗe shi a sama kusa da wuya, har ya zama abin da mutum zai iya riƙewa. A wannan naɗin ne danshin numfashi yake taruwa, don haka aka sa masa ɗan maɓalli na zubar da ruwa. Nauyinsa yakan kai kilo 5 zuwa 6, kuma ina roƙonka kada ka rataya shi da igiyar wuya kaɗai. Ka nemi ɗamarar da take raba nauyin a kafaɗu da baya.

Jikinsa na tagulla ne, amma sautin yana fitowa daga ɗan siririn kara da ake ɗaurawa a bakin busa. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, shi ya ƙirƙiro dangin saksofon, ya yi musu rajista a Faransa a shekarar 1846.

Abin da na fi so ka lura da shi lokacin zaɓe shi ne sautin A na ƙasa (A da B♭ sunayen matakan sauti ne a kiɗa). Tsofaffin ƙira suna tsayawa a B♭, amma yawancin na zamani an ƙara musu tsawon faffaɗan bakin da iska take fita, da maɓallin babban yatsan hagu, domin su sauka rabin mataki zuwa A. Wannan ƙarin yana ƙara nauyi, kuma akwai mabusan da suka fi son amon tsohuwar ƙira, sai dai ni ina ganin mai busa cikin ƙungiya zai buƙace shi, tunda masu rubuta kiɗa suna yawan neman sautin.

Ka saurari Harry Carney, wanda ya yi busa a ƙungiyar makaɗin jazz na Amurka Duke Ellington daga 1927 har 1974, ka ji yadda murya ɗaya take ɗauke da sauran mabusa.

Ka gaida mutanen gida. Ina jiran amsarka.

Naka,
Abokinka