Habibu, Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Nan

Ɗana Habibu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan kalau, sai ƙafar Innarka da ta sake motsawa da shigowar sanyi.

A majalisa na ji, bayan sallar isha'i, ba daga bakinka ba: wai wasu Turawa sun ɗauke ka fim, za ka fito a shugaban 'yan bindiga, da rawani da carbi a hannu. Na gyaɗa kai kamar da sanina, don kada a ce ɗana ya ɓoye mini. Ranar ban runtsa ba.

Ka san ban taɓa ƙin sana'arka ba. Ni na sayar da tumakin nan lokacin da kawunka Lawal ya rantse ba za ka je ba. Kuma shekarun da na yi ina haska fim a silima ba su bar ni jahili a wannan harka ba. A nan na fara ganin wani dattijo ɗan Japan, Sessue Hayakawa, a fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957, ya fito a Kanar Saito, mai tsaron fursunonin yaƙi. Daga baya na bi tarihinsa, shi ne yau ya hana ni barci.

An haife shi a 1886 a yankin Chiba. Sojan ruwa aka so ya zama, dodon kunnensa ya fashe wajen nutso, magana ta lalace, ya haye Amurka. A 1914 ya fito a The Typhoon, a 1915 kuma darakta Cecil B. DeMille ya saka shi a The Cheat. Zamanin fim ba ya magana ne, fuska kawai ke aiki, shi kuwa Allah ya ba shi fuska. Amma me aka ba shi ya yi da ita? A The Cheat, attajiri mugu da ya ɗora wa Baturiya ƙarfe mai zafi a kafaɗa, kamar mai yi wa saniya shaida. Turawa suka yi ta tururuwar kallo, kuɗi ya shigo, ya yi gida kamar fada. Su kuwa 'yan uwansa mazauna Kalifoniya, masu noman kayan lambu da ƙananan shaguna, waɗanda dama ana ƙyamarsu, su suka kwana da abin. Suka ce ya zubar musu da mutunci, har sai da ya nemi afuwa a jaridarsu ta Los Angeles. Da aka sake fitar da fim ɗin a 1918 sai aka ce mugun ɗan Burma ne. An canja rubutu, fuskar dai ita ce.

A wannan shekarar ta 1918 ya kafa kamfaninsa, Haworth Pictures, don ya riƙa nuna mutanensa yadda suke. Ka ga shi ma abin ya ci masa rai. A 1922 ya bar Hollywood. Yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi a Faransa, yana zana hotuna yana sayarwa yana ci. Da ya tsufa, ya haura 70, rawar da ta kai shi takarar lambar yabon fim ta Oscar ma ta azzalumin soja ce, wato Kanar Saito. Ya rasu a Tokyo a 1973.

To kai wa ya ce maka ka fi shi wayo? Shi da ya mallaki kamfani bai wanke tabon ba, balle kai da ko babur ba ka gama biya ba. Rawanin da za su naɗa maka irin na kakanka ne. Gobe ƙanenka Sani ya je neman biza, ko a tsayar da shi a shingen bincike, fuskarka za su tuna. In ka yi wannan don kuɗi, kada ka aiko mini da ko sisi a ciki, ba zan ci ba.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Na san zaman Legas ba sauƙi, na kuma san kunyar tambayata kake ji tun maganar gonar nan. Ka aiko mini da takardar labarin in karanta da tabarau na, in akwai mutum a cikin rawar, ni zan fara sa albarka. Innarka ta ba direba yaji da kuka, ka kira shi ranar Laraba kafin ya juyo.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka