Bindigar kakkaɓo jirgi a hannun ɓarayin daji: wa ke kai mata harsashi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani makami da sunansa ya shiga bakin mutanenmu na karkara, har ta kai yaran da aka raba da ƙauyukansu suna iya bambance ƙararsa da ta sauran bindigogi. Ina nufin bindigar kakkaɓo jirgin sama, wadda sojoji da 'yan sa-kai suke kira AA. Mun saba jin labarinta a duk lokacin da jirgin soja ya faɗi, a yi kwana biyu ana ce-ce-ku-ce a kan ko harbo shi aka yi ko injinsa ne ya samu matsala, daga nan sai maganar ta bi ruwa ba tare da an taɓo tushenta ba.

A ranar 18 ga Yuli, 2021, wani jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet na Rundunar Sojin Saman Najeriya yana kan hanyarsa ta dawowa daga wani farmaki a kan iyakar Zamfara da Kaduna, sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta daga ƙasa har ya faɗi a cikin Jihar Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya samu ya fice ya diro da laima, ya ɓuya a daji ana farautarsa har dare ya yi, sannan ya yi amfani da wayarsa ta hannu wajen gane hanya har ya isa wurin sojojin ƙasa. Rundunar da kanta ta fito ta ce wutar abokan gaba ce ta kayar da jirgin. An yaba wa matuƙin, kuma ya cancanci yabo, amma murnar tsirarsa ta danne abin da ya kamata ya hana mu barci, wato cewa mutanen da aka fara sani da satar shanu sun kai ga kayar da jirgin yaƙin gwamnati da rana tsaka.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan makami ba sabon abu ba ne, kuma babu wata fasaha mai zurfi a tattare da shi. Babbar bindiga mai jigida da ake kira DShK, mai cin harsashi mai kaurin milimita 12.7, Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da ita tun a 1938. 'Yar uwarta mai baki biyu, ZU-23-2, mai harsashin milimita 23, ta fito ne a 1960, kuma tana iya yin illa ga jirgin da ke nesa da ita da kimanin kilomita biyu da rabi. Ba sa buƙatar na'urar hango jirgi, ba sa buƙatar lantarki, abin da suke nema shi ne gindin ƙarfe da za a kafa su a kai, da mutum mai ido da ƙarfin damtse, da kuma harsashi mai yawa. Shi ya sa tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda aka laƙaba wa sunan yaƙin Toyota, ɗora manyan bindigogi a bayan motar a-kori-kura ya zama ruwan dare a yankinmu na Sahel.

Abin da ke ba tsohuwar bindiga dama a kan jirgin da aka saya da biliyoyin naira shi ne yanayin aikin jirgin kansa. Matuƙin da yake son ya tabbatar da abin da zai harba, musamman a dazuka irin su Rugu da Kamuku da Sambisa inda bishiyoyi ke rufe mutane da babura, dole ne ya sauko ƙasa-ƙasa, kuma a lokacin da ya nufo wuri kai tsaye domin sakin wuta, ko lokacin da yake ɗagowa bayan ya saki, hanyarsa a fili take ga wanda ke ƙasa. Maharbin ba ya buƙatar ƙwarewa sosai, ya ishe shi ya cika sararin da jirgin zai ratsa da ruwan harsashi. Jirgin sama kuwa fatarsa ba ta da kauri, cikinsa cike yake da mai da wayoyi da bututun da ke sarrafa fukafukai, harsashi ɗaya idan ya samu mugun wuri ya wadatar.

Tarihi ya sha nuna haka, kuma misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Dien Bien Phu a ƙasar Biyetnam a 1954. Sojojin Faransa sun kafa sansani a cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, suna masu dogaro da cewa duk abin da suke buƙata, daga abinci da harsashi har zuwa kwashe waɗanda suka ji rauni, jirage za su riƙa yi musu. Mayaƙan Biyetnam ƙarƙashin Janar Giap suka janyo manyan bindigogi zuwa kan duwatsun da ƙarfin hannu, ciki har da na kakkaɓo jirgi masu harsashin milimita 37. Aka fara gwabzawa a ranar 13 ga Maris, kafin watan ya ƙare babu jirgin da ke iya sauka a filin sansanin. Sai aka koma jefo kaya da laima, wutar ƙasa kuma ta tilasta wa matuƙa su riƙa jefowa daga can sama, inda iska ke kwasar kayan, wasu su faɗa hannun abokan gaba. Ranar 7 ga Mayu sansanin ya faɗi. Bindigogin nan ba su kayar da dukkan jiragen Faransa ba, abin da suka yi shi ne sun kore su zuwa nisan da aikinsu ya daina amfani. Bayan fiye da shekara goma, Amurka ma ta ɗanɗana irin wannan a sararin Biyetnam ta Arewa, inda bindigogi suka kayar mata da jirage fiye da waɗanda makamai masu linzami suka kayar. A Mogadishu kuma, ranar 3 ga Oktoba, 1993, da rokar da ake saɓawa a kafaɗa aka harbo jirage masu saukar ungulu guda biyu ƙirar Black Hawk, sojojin Amurka 18 suka mutu tare da ɗaruruwan Somaliyawa, kuma cikin 'yan watanni Amurka ta tattara nata ya nata ta bar ƙasar.

Wannan batu na korar jirgi zuwa sama shi ne ya fi damuna, domin a nan ne talaka yake shiga cikin lissafin. A yaƙin Kosovo na 1999, jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO sun riƙa shawagi a sama da ƙafa 15,000 don gudun wutar ƙasa, kuma ranar 14 ga Afrilu na shekarar suka yi luguden wuta a kan ayarin 'yan gudun hijira a kusa da garin Jakobika, bisa zaton motocin soja ne, mutane da dama suka hallaka. Duk lokacin da matuƙi ya ƙara nisa domin ya tsira da ransa, wanda kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa, idonsa yana raguwa, sai dogaronsa ya koma kan bayanin da aka ba shi daga ƙasa. Idan bayanin ya zo da kuskure, mun san abin da ke biyo baya. Mun gani a Rann ta Jihar Borno ranar 17 ga Janairu, 2017, inda aka jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, fiye da mutum 100 suka rasu. Mun gani a Tudun Biri ta Jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba, 2023, inda aka kashe aƙalla mutum 85 a wurin taron Mauludi. Na Tudun Biri jirgi marar matuƙi ne, wanda babu ran da ake tsoron rasawa a cikinsa, kuma duk da haka aka yi kuskuren, abin da ke nuna cewa sayen jirgin da bindiga ba ta tsorata shi ba ya wadatarwa muddin ba a gyara hanyar tattara bayani ba.

Akwai kuma jirgin da ba shi da zaɓin tsayawa a sama, shi ne mai saukar ungulu, domin aikinsa ke nan ya sauka ya ɗauki wanda ya ji rauni ko ya sauke dakaru. Sojan Faransa na farko da ya mutu a Mali a Janairun 2013, Damien Boiteux, matuƙin irin wannan jirgi ne, kuma harsashi daga ƙasa ne ya same shi a ranar farko ta farmakin. A nan gida, ranar 14 ga Agusta, 2023, jirgi ƙirar Mi-171 da ya taso daga Zungeru ɗauke da sojojin da aka jikkata a wani kwanton ɓauna ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Ƙaramar Hukumar Shiroro, 'yan bindiga kuma suka yi iƙirarin cewa su ne suka harbo shi. Ko iƙirarin gaskiya ne ko cika baki ne, sojan da ke bakin daga ya ji shi, kuma wanda ya fara shakkar cewa za a zo a ɗauke shi idan ya faɗi, ba zai shiga daji da zuciya ɗaya ba.

To, Malam Edita, daga ina waɗannan bindigogi suke fitowa? Amsar da aka fi ba mu ita ce Libiya, kuma akwai gaskiya a ciki, domin bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 an wawashe rumbunan makaman ƙasar, wasu suka gangaro ta Nijar da Mali da Chadi. Amma an shafe fiye da shekara goma ana rataya wa Libiya wannan laifi, alhali akwai wata ƙofa da ta fi kusa da mu. A duk lokacin da aka mamaye wani sansanin soja, kamar yadda aka yi a Metele a Nuwamban 2018, ko a Inates ta Jamhuriyar Nijar a Disamban 2019 inda sojoji 71 suka kwanta dama, maharan ba sa tafiya hannu rabbana, motoci masu ɗauke da manyan bindigogi suna cikin abin da suke fara nema, kuma su da kansu suke nuna ganimar a bidiyonsu. A Oktoban 2021 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ruwaito cewa an biya 'yan bindiga naira miliyan 20 a dajin Rugu domin a karɓo wata bindigar kakkaɓo jirgi da suka ƙwace daga hannun sojoji. Rundunar Sojin Sama ta musanta labarin, kuma adalci ne a ambaci musantawar. Sai dai a ƙasar da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ba a san inda bindigogin 'yan sanda 178,459 suka shiga ba, ɗan ƙasa yana da hujjar tambayar yadda ake ƙidayar manyan makamai.

Wurin da nake ganin an fi yin sakaci shi ne harsashi. Bindigar DShK tana iya aman harsashi kusan 600 a minti ɗaya, harsashin nata kuma ba irin na AK-47 ba ne da ake samu a ko'ina, babba ne, mai nauyi, wanda maƙerin ƙauye ba ya iya ƙerawa, kuma babu mafarauci ko ɗan banga da ke da dalilin mallakarsa. Ke nan duk wanda aka kama da shi, asalinsa ɗayan biyu ne, ko daga rumbun wata gwamnati ya fito, ko ta kan iyaka aka shigo da shi. A gindin kowane kwanso akwai lambar masana'anta da shekarar da aka ƙera shi. Idan da a ce duk bayan artabu ana tsince kwansayen nan a tantance lambobinsu a gwada da rajistar rumbunanmu, da tuni an san ta wace kafa ruwa ke shiga gida. Muna yawan ganin an baje kolin waɗanda aka kama da harsashi a cikin buhun hatsi ko jarkar manja, amma da wuya mu ji labarin wanda ya ɗora musu kayan. Akwai cibiyar ƙasa da aka kafa a 2021 domin daƙile yaɗuwar makamai, kuma wannan aiki nata ne, ya kamata a riƙa jin sakamakonsa a bainar jama'a.

Kada kuma a manta cewa jirgi ba kullum yake wucewa ba, amma bindigar kullum tana nan, kuma mafi yawan kwanakinta bakinta ba sama yake kallo ba. Harsashin da aka ƙera domin ya huda ƙarfen jirgi, katangar ƙasa ba ta tare shi, ƙofar langa-langa ba ta tare shi, motar sintiri marar sulke ma haka. Ɗan sa-kai mai bindigar toka ko harba-ka-ruga, da ɗan sandan da ke ofishin ƙauye da bindigarsa ɗaya, idan suka ji wannan ƙara sun san ba sa'arsu ba ce. Da yawa daga cikin waɗanda suka baro gonakinsu suka dawo zaman birni a nan Gusau, idan ka zauna da su, ƙarar wannan bindiga suke ambata a matsayin abin da ya sa suka yanke ƙauna da zama.

Saboda haka ina kira ga kwamitocin tsaro na Majalisar Dokoki ta Ƙasa da su nemi a ba su adadin bindigogin kakkaɓo jirgi da aka rasa a hannun abokan gaba tun daga farkon rikicin Boko Haram a 2009, da adadin waɗanda aka ƙwato, ko da a zaman sirri ne idan ana ganin bayyanawa za ta cutar da tsaro. Kada a riƙa ajiye irin wannan makami a ƙananan sansanonin da ba su da ƙarfin kare shi, kuma a koya wa dakaru lalata shi idan ja da baya ya zama dole. Iyalan matuƙan da suka rasu su ma suna da haƙƙin sanin abin da bincike ya gano game da faɗuwar jiragen da 'yan uwansu suke ciki. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon duk lokacin da aka kira ku taron baje kolin makaman da aka ƙwato, ku nemi a karanta muku lambar da ke jikin bindigar, a kuma faɗa muku rumbun da ta fito.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Gusau, Jihar Zamfara.