Likitanku ya tsaya a huhu, ya manta da cikinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na lafiya na daren Talatar da ta gabata, kuma ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, na kashe rediyona raina a ɓace. Sa'a guda cur likitan da kuka gayyato ya yi yana bayani a kan ƙura, ya bi ta kan tari da mura da asma da jan ido, ya rufe da cewa kowa ya nemi takunkumi, amma ko sau ɗaya bai ambaci ciki ba, mai gabatarwar ma ba ta tambaye shi ba. Duk wanda ya saurari shirin zai tashi da fahimtar cewa ƙura shaƙar ta kawai ake yi, alhali mu da muke zaune a bakin titi cin ta muke yi safe da yamma.

Shekara biyu ke nan da aka kankare kwaltar titin da ya bi ta ƙofar gidana da sunan za a faɗaɗa shi, aka zuba jar ƙasa, ɗan kwangilar ya kwashe motocinsa ya yi gaba. Tun daga lokacin, duk tifar da ta wuce sai ta bar mu cikin hazo kamar an shiga tsakiyar hunturu. Maiɗakina takan goge murfin randa da asuba, kafin la'asar kana iya rubuta sunanka da yatsa a kansa. Ka sayi gurasa ko tsire a bakin hanyar nan, ka kai baki, sai ka ji garas-garas a haƙori, kuma wannan abin da haƙori ya iya ji ke nan, ban da mai laushin da ke wucewa ba a sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan an yashe lambatu, a nan gefen titi ake tara baƙin taɓon, rana ta busar da shi, tayoyin mota su niƙe shi ya zama gari, iska ta ɗebo shi ta watsa a kan yankakkiyar kankana da awara da tallar yara.

'Yar autata shekararta uku. Daga damina zuwa yanzu sau huɗu muna kai ta asibiti saboda gudawa da murɗawar ciki, ta rame, abinci ma sai an yi da gaske take karɓa. Da aka gwada bayan-gidanta aka ga ƙwan tsutsar ciki, tambayar farko da likitan ya yi mini ita ce: "Malam, a ina take wasa?" A dakalin ƙofar gida take wasa, tana shafa ƙasa tana kai yatsa baki kamar kowane yaro. Ƙwan irin wannan tsutsa yana iya shekaru a cikin ƙasa da ransa, kuma ba ta hanci yake kama mutum ba, ta baki yake shiga.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne ko ƙurar da aka shaƙa ma, kaso mai yawa a tumbi take ƙarewa. Allah ya shimfiɗa majina a hanyar numfashi, da wasu ƙananan gasu da ke turo ta sama zuwa maƙogwaro, mutum ya haɗiye ba tare da ya lura ba. Wato jiki da kansa yake kwashe dattin daga ƙirji ya miƙa wa tumbi da hanji. To me ke cikin dattin? Ƙurar titi ba ƙasar gona ba ce. Akwai garin taya da ke goguwa a kan hanya, akwai garin birki mai ɗauke da jan ƙarfe da sauran ƙarafa, akwai baƙin hayaƙin dizal, sannan akwai dalma. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma ne a farkon 2006, Aljeriya kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, sai a 2021, amma dalma ba ta ruɓewa, wadda motoci suka yi shekaru suna fesarwa tana nan kwance a ƙasar gefen tsofaffin tituna, jira kawai take a tone ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a kira mara illa a jiki, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa, musamman idan cikin babu abinci ko yaron na fama da ƙarancin jini. Ciwon ciki da amai da taurin bayan-gida suna daga cikin alamomin gubarta.

Ashe har mun manta da Zamfara? A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka shigo. Ban ce ƙurar titinmu ta kai wancan ƙarfi ba, amma hanyar shigar ɗaya ce: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Ban da haka, gwaje-gwajen da masana suka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa haɗiyar irin wannan ƙura tana dagula ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji suna taimakon narkewar abinci, tana kuma jawo kumburi a bangon hanjin. Duk wannan bai samu ko minti biyu a shirinku ba.

Takunkumin da likitanku ya dage a kai yana da amfani, ban musa ba, sai dai wa zai ɗaura wa kwanon tuwo takunkumi, ko randa, ko yatsun 'yar shekara uku? Da ya ce wa iyaye mata a rufe abinci da ruwan sha, a wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kaɗe, a ba yara maganin tsutsa bisa shawarar asibiti, da gidaje da yawa sun ƙaru a daren nan.

Wani abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne, a tsakiyar shirin sau uku kuka katse likitan kuka sa tallar mai maganin gargajiya da ke iƙirarin gora ɗaya tana wanke dattin ciki kaf, ta kashe basir da shawara da sanyi. Yaya mai sauraro zai bambance maganar likita da ta ɗan talla idan gidan rediyo ɗaya ne ya haɗa su a sa'a ɗaya? Na kuma yi ta kiran layinku tun daga farkon shirin har ƙarshensa bai shiga ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Roƙona shi ne ku dawo da likitan, ko ku nemo likitan yara, a keɓe shiri guda a kan ƙura da ciki. Ku kuma gayyato masu ba da kwangilar tituna su gaya mana a kan iska dalilin da ya sa ba a tilasta wa ɗan kwangila ya riƙa turo tankar ruwa tana yayyafi a titin da ya tone, da dalilin da ya sa taɓon lambatu ke kwana wata guda a ƙofar gidajen mutane. Idan wakilinku yana son gani da idonsa, ya zo unguwarmu bayan sallar la'asar, lokacin da tifofi ke dawowa, zan ajiye masa murfin randar ba a goge ba.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani malamin makaranta, daga Kano