Wasiƙa zuwa ga ɗana direban tirela

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya hanya? Mu nan Tudun Wada lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin duk sanda na kira ka kana kan sitiyari, ba abin da nake ji sai "to Baba".

Zuwanka na ƙarshe, da ka miƙe a zaure bayan azahar, ina gefenka ina jan carbi. Minsharinka ya cika zauren, can sai na ji tsit. Ƙirjinka na motsi, iska ba ta fita. Sai da na ƙirga goma sha biyar kafin ka fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Haka ka yi ta yi har la'asar. Ashe iyalinka ta daɗe da gaya wa mahaifiyarka, kunya ce ta hana ta faɗa maka.

Na kai maganar wurin likitan da ke duba mini hawan jini. Ya ce ciwo ne, ɗaukewar numfashi cikin barci. Naman maƙogwaro ke saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum bai sani ba. Wanda abin ya yi wa tsanani yakan yi haka sau 30 a awa guda. Shi ya sa kake kwana cikakke ka tashi kamar ba ka runtsa ba, kai na sara, baki a bushe. Ƙiba da kaurin wuya na jawo shi, kai kuwa tun da ka hau motar DAF ka ajiye tumbi. Yana kuma ta da hawan jini.

Ɗana, na ja mota kafin a haife ka, na san gyangyaɗin hanya. Ba ya sallama. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Ka runtse ido daƙiƙa uku, tirela ta yi mita 66 da lodin siminti, babu kowa a kanta. Ka tuna yadda masu talla ke cika bakin titi a Kateri da Jere. Wannan ne ke hana ni barci.

Na san dabarun: goro, Nescafe, watsa ruwa a fuska, sa yaron mota ya yi ta surutu. Duk na yi su, kuma barci ba a cin bashinsa. Tiramol kuwa, ban yafe ba idan ka taɓa shi, yana ƙara danne numfashi ma. Idan ido ya fara yaji, ka faka a Tafa ko Mararraban Jos ka kwanta, musamman daga ƙarfe biyun dare zuwa asuba. Mai mota ya yi faɗansa, ni zan kira shi.

Kafin ka ɗauki wani lodin, mu je Asibitin Barau Dikko, in ta kama mu wuce asibitin Shika a Zariya. Ciwon yana da magani: rage ƙiba, kwanciya ta gefe maimakon rigingine, akwai kuma na'urar da ake sawa a hanci da dare tana hura iska don hanyar ta zauna a buɗe. Na san tsoronka kada a ji a karɓe motar. Direba yana jiyya ya ci gaba da tuƙinsa.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Ka gaya mini ranar da za ka sauke a Kaduna, in shirya mu tafi tare da sassafe.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka