A daina sauya ranar haihuwa duk lokacin da aka yi sikanin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana kan ƙananan na'urorin sikanin ciki irin su Butterfly iQ da Philips Lumify, waɗanda ake jonawa da waya a sa a jaka a shiga ƙauye da su. Alheri ne babba, amma akwai kuskuren da yake damun mu ƙwarai: sauya ranar da ake sa ran haihuwa duk lokacin da aka sake sikanin.

Ba a gane girman jariri sai an san yawan makonnin cikin tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce a yi wa mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Mafi inganci shi ne kafin mako 14, a auna ɗan tayi daga tsakar kai zuwa ɗuwawu. A nan kuskure bai cika wuce mako ɗaya ba. Ranar haihuwar da aka lissafa daga wannan awon a rubuta ta a katin awo, kada a sake taɓa ta. To amma sai mace ta zo da cikin mako 34, na'ura ta ce mako 31, sai a goge ranar farko a rubuta sabuwa. Jaririn da ya tsumbure saboda hawan jini ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa mabiyiya, an mayar da shi ƙaramin ciki mai lafiya ke nan, uwar ta koma gida hankali kwance.

Awon girma abu huɗu ne: faɗin kan jariri, kewayen kansa, kewayen cikinsa, da tsawon ƙashin cinyarsa. Daga su na'ura ke lissafa nauyi, kuma lissafin kan kauce da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kewayen cikin jariri shi ne ke fara nuna yunwa, domin hanta ce ke fara ramewa, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Dole hoton cikin jaririn ya fito a zagaye, a ga tumbi kamar baƙin ɗigo da guntun jijiyar cibiya, kada ƙoda ta fito. Idan aka karkata hannu cikin zai yi kamar ƙwai, awo ya ƙaru. Idan aka danne da ƙarfi ya baje. A auna sau uku a kwatanta.

Tsakanin awo da awo a bar aƙalla mako biyu, uku ya fi, don girman kwana bakwai bai kai kuskuren hannu ba. A duba ruwan da jariri ke kwance a ciki kuma: idan wurin da ya fi zurfi bai kai santimita 2 ba, ruwan ya yi kaɗan. Wannan, ko nauyin da ya faɗo cikin kashi 10 mafi ƙanƙanta a jadawalin nauyin jarirai masu makonni irin nasa, dalili ne na tura mace babban asibiti a duba gudun jini a cibiya.

Tef ɗin auna cikin uwa ma kada a jefar da shi. Daga mako 24, tsawon ciki a santimita kan yi daidai da yawan makonni, da bambancin biyu ko uku, shi zai nuna wadda za a fara sa wa na'ura.

Muna roƙon ma'aikatun lafiya na jihohi, duk na'urar da za su raba ta zo da horo ga ungozomomi, da man da ake shafa wa ciki lokacin sikanin, da caja mai aiki da hasken rana, da likitan da zai riƙa duba hotunan da aka turo masa.

Daga wasu ma'aikatan awon ciki, Kano.