Ku ɗan ba Joe Williams fili a shafin nishaɗi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya da aiki.

Dan Allah roƙo ne na kawo, ku ɗan waiwayi tsofaffin mawaƙan duniya a shafinku na nishaɗi, kuma in za ku fara to ku fara da Joe Williams, baƙar fatan Amurka ɗin nan mai waƙar jazz da blues. Ni a akwatin kawuna marigayi na tsinci faifansa, irin na garmaho, kwalin duk ya cinye ta gefe, faifan ma da karce a jiki yana ɗan tsalle in an saka, amma wallahi da muryar mutumin nan ta fito sai da na ajiye abinda ke hannuna. Murya ce mai kauri, daga ƙirji take tasowa, ba hayaniya, kuma kalmominsa fes kake jinsu ɗaya bayan ɗaya ko da turancinka bai yi nisa ba.

Abinda ya fi tsaya min a rai shine daɗewar da yayi kafin a san da zamansa. A 1918 aka haife shi a jihar Jojiya, sunansa na yanka Joseph Goreed, ya tashi a Chikago yana waƙa a coci, daga nan gidajen rawa, yayi waƙa da su makaɗin jazz Lionel Hampton amma abin bai kama ba, har tallan kayan kwalliya gida gida yayi dan ya samu na abinci. Sai ƙarshen 1954, yana da shekara 36, shekarun da wani zai ce ai gara a nemi wata sana'ar, sannan shahararren makaɗin jazz Count Basie ya ɗauke shi cikin ƙungiyar makaɗansa. A 1955 suka buga Every Day I Have the Blues, waƙar da wasu sun rera kafin shi, amma daga lokacin ta zama kamar tasa. Masu busa na amsa masa kamar 'yan amshi, shi ko yana tafe a natse. Faifan kawun nawa kenan, Count Basie Swings, Joe Williams Sings.

Ya bar Basie a 1961 ya cigaba da kansa, kuma ba blues kaɗai ba, waƙoƙin soyayya masu sanyi ma ya iya su sosai, ni a ganina ma nan ne ba a bashi haƙƙinsa ba. A 1985 ya samu kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, da faifan Nothin' but the Blues.

Rasuwarsa har yau tana taɓa ni. Ranar 29 ga Maris 1999, yana da shekara 80, ya tashi daga gadon asibiti a Las Vegas ya kama hanyar gida a ƙafa, ya faɗi a titi kusa da gidansa.

Waƙoƙin suna nan a YouTube, in kun rubuta ku sa sunayensu yadda yaranmu za su nema su ji da kunnensu.

Naku,
Mai karatu daga Zariya