A Riƙa Tunawa Da Tsofaffin Finafinan Ingila Masu Yi Wa 'Yan Leƙen Asiri Ba'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Magana ce nake tafe da ita akan shafinku na finafinai, wanda gaskiya ina jin daɗinsa sosai, sai dai kullum abun ɗaya ne, in ba Kannywood ba to Indiya, in an waiwayi na Turawa kuma sai na harbe-harbe, in kuwa maganar leƙen asiri ta taso to ba wanda ake ambata sai James Bond. Roƙona shine ku ɗan ware wa tsofaffin finafinan barkwanci na Ingila fili, musamman waɗanda suka ɗauki shi wannan aikin leƙen asirin suka maida shi abun dariya, don ni a ganina sun fi Bond faɗin gaskiya akan yadda hukumomin nan suke aiki nesa ba kusa ba.

A duba lokacin da aka yi su mana. Fim ɗin Bond na farko, Dr No, ya fito a 1962 da Sean Connery, mutum ɗaya tilo sanye da kwat yana gamawa da rundunar bos gaba ɗaya ko gumi baya yi. To amma a zahiri me yake faruwa da 'yan leƙen asirin Ingila a shekarun? Abun kunya ne kan abun kunya. A 1951 Guy Burgess da Donald Maclean, manyan ma'aikatan gwamnati da suka yi karatu a Cambridge, suka tsere Mosko, ashe tun tuni Tarayyar Sobiyet suke yi wa aiki. A 1955 Harold Macmillan, lokacin yana ministan harkokin waje, ya miƙe a majalisa ya wanke Kim Philby yace babu hujjar cewa maci amana ne, sai gashi a watan Janairun 1963 shi Philbyn ya sulale daga Beirut ya ɓulla a Mosko, kuma wannan mutumin fa shine aka taɓa ba shugabancin sashen dake sa ido akan Sobiyet ɗin a MI6, wato hukumar leƙen asirin Ingila ta ƙasashen waje. George Blake, shima jami'in MI6 da aka kama yana yi wa Sobiyet aiki, aka yanke masa shekara 42 a 1961, a 1966 ya haura katangar gidan yari ya gudu. Kaga kenan mutumin Landan da safe zai karanta a jarida cewa an yi wa hukumarsu sakiyar da ba ruwa, da daddare ya shiga silima a nuna masa Bond yana ceton duniya. Masu barkwanci suka ga wannan tazarar, suka shiga tsakiya.

Wanda nafi so a yi magana akai, kuma in son samu ne a fara da shi, ya ma riga Bond zuwa silima. Sunansa Our Man in Havana, 1959, Carol Reed ne darakta, Alec Guinness ne jarumin. Labarin wani Bature ne mai suna Wormold dake zaune a Kyuba yana sayar da injin zuƙe ƙura, kasuwa ba ta tafiya, ga 'yarsa budurwa mai son kayan tsada har doki take so a saya mata. Sai wani jami'i daga Landan, Noel Coward ne ya fito a matsayin, ya ja shi cikin banɗakin wata mashaya ya kunna famfo don kar a ji me suke cewa, yace masa daga yau kai ne mutuminmu a Habana, za'a riƙa biyanka, kai ma ka ɗauki yaranka da zasu riƙa kawo maka rahoto mu biya su. Bawan Allah bai san kowa ba, bai san ta ina ake farawa ba. Abokinsa wani tsohon likita ya bashi shawara yace to ka ƙirƙira mana, wa zai sani? Haka ya zauna ya ɗebo sunayen mutanen da bai taɓa magana dasu ba ya aika Landan yace wakilansa ne, yana karɓar albashinsu yana sawa a aljihu, sak irin ma'aikatan bogin nan da ake ganowa a takardar albashi duk lokacin da aka yi tantancewa.

Inda fim ɗin ya kai maƙura shine da Landan suka matsa masa suna son babban labari, sai ya kwance injin da yake sayarwa ya zana kayan cikinsa da girma, ya ɗan zana mutum ƙarami a gefe don a ga kamar gini ne mai tsayi, yace wasu makaman sirri ne ake ginawa a cikin duwatsu. A ofis manya suka baza zanen akan tebur suna jinjina kai, hankali ya tashi. Shi wanda ya ɗauke shi aikin ya kalli zanen da kyau ya ga ai wannan da injin shara yake kama, ya ɗan furta a hankali, amma da yaga oga ya riga ya yarda sai ya ja bakinsa yayi shiru, don in maganar ta fito shine farkon wanda zai kwana a ciki. Wallahi wannan wajen kaɗai ya isa a koyar da shi a makarantar horar da ma'aikata. Kuma fim ɗin bai tsaya a dariya ba, don 'yan leƙen asirin ɓangaren maƙiya suma sun yarda da ƙaryar, suka fara farautar mutanen da Wormold ya ari sunansu, aka rasa rai, har abokin nasa likita aka kashe. Daga ƙarshe da asiri ya tonu me aka yi masa? Ba'a kai shi kotu ba, don kai shi kotu na nufin manya su amsa cewa an yi wasa da hankalinsu, sai aka bashi lambar girma ta OBE aka ce ya zo ya riƙa koyar da sababbin ma'aikata.

Wanda ya rubuta labarin, Graham Greene, ba da ka yayi ba. Shi kansa yayi aiki da MI6 lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma nan Afirka ta Yamma aka turo shi, a Firitawun ta Saliyo, daga baya ya koma Ingila yayi aiki a ƙarƙashin Kim Philby ɗin nan dai, a sashen dake lura da Sifen da Fotugal. A can ne ya ga yadda wasu wakilai a Lisbon suke ƙirƙirar rahoto suna sayar wa Jamusawa ana biyansu. Kuma an ɗauki fim ɗin a cikin Habana 'yan watanni bayan Fidel Castro ya karɓi mulki, titunan da zaka gani na gaske ne.

Wanda yake ganin wannan duk tatsuniya ce to ya tuna yaƙin Iraƙi. Rahoton Chilcot, na binciken da gwamnatin Ingila ta sa aka yi akan yaƙin, da ya fito a 2016 ya nuna cewa a 2002 wata majiya ta kawo wa MI6 bayanin cewa a Iraƙi ana zuba makamai masu guba a cikin wasu ƙwallayen gilashi, har wani a cikinsu ya lura cewa bayanin yayi kama da abun da aka nuna a wani fim ɗin Amurka na 1996, daga baya aka tabbatar majiyar ƙarya take. Fiye da shekara 40 bayan fim ɗin mai injin shara kenan, kuma wannan karon ƙasa guda aka ruguza, mutanen da suka mutu Allah kaɗai ya san adadinsu. Shi yasa ni bana ɗaukar finafinan nan a matsayin shirme.

Sai na biyu, Carry On Spying na 1964, wannan shi kam dariya ce zalla. Yana cikin jerin finafinan Carry On da Peter Rogers yake furodusa Gerald Thomas yake darakta, shine na tara kuma na ƙarshe da aka yi marar kala, a nan ne Barbara Windsor ta fara fitowa a jerin. Farkonsa ma kawai, wani ya shigo da shigar mai raba madara, ya ratsa duk ƙofofin tsaro na wajen binciken sirri ba wanda ya tambaye shi ko ina zaka, ya ɗauke takardar haɗin wani sinadari ya fice. Oga ya duba yaga duk ƙwararrunsa basa nan, dole ya tura Kenneth Williams, mutum mai ji da kai da ɗaga hanci alhali bai iya komai ba, tare da ɗalibai uku da basu gama koyon aiki ba. Suka bi ta Biyana, suka je Aljeriya, suka hau jirgin ƙasa, duk inda suka sa ƙafa sai sun ɓata abu, kuma abun lura macen da suka raina ita ce mai ƙwaƙwalwar da ta haddace takardar da kallo ɗaya. Da suka samu suka kunna abun da zai tarwatsa maɓoyar 'yan ta'addan suka hau lif suka gudu, sai suka ɓullo a cikin ofishin ogansu, ashe duk tsawon lokacin nan hedikwatar maƙiya tana ƙarƙashin ofishinsu ne ba wanda ya sani. Shekara ɗaya bayan guduwar Philby aka nuna wannan, duk ɗan Ingilan dake zaune a silima ya san inda aka dosa. Har ma furodusan Bond, Albert Broccoli, yayi barazanar zuwa kotu saboda sun so su sa wa Charles Hawtrey, wanda ya fito a ɗaya daga cikin ɗaliban nan, suna James Bind, dole suka maida shi Charlie Bind.

Amma fa in zaku rubuta akan wannan ku faɗa wa iyaye gaskiya, finafinan Carry On cike suke da maganganu masu harshen damo da shigar da bata dace ba, ba na zama da yara bane, sannan yadda suka nuna Larabawa a wajen Aljeriya akwai raini a ciki irin na Turawan wancan zamani, ni abun baya min daɗi kuma bai kamata a ɓoye ba.

Akwai wasu da dama a shekarun. Hot Enough for June shima 1964, Dirk Bogarde ya fito a marubuci marar aikin yi da aka tura birnin Prague saboda yana jin yaren Czech da ake yi a can, bai ma san leƙen asiri aka aike shi ba. 'Yan barkwancin Ingilan nan biyu, Morecambe da Wise, sun yi nasu a 1965. Casino Royale na 1967 kuwa, wanda ya tara David Niven da Peter Sellers da Orson Welles da Woody Allen, daraktoci biyar aka rubuta, Sellers da Welles basa ga maciji har Sellers ya bar aikin ba'a gama ba, ni dai ban ga abun yabo a ciki ba in banda kiɗan Burt Bacharach, kuɗi ne aka zubar labari ya watse, a ambace shi a wuce.

Mu nan ma ai muna da abun da zai sa mu fahimci irin wannan labarin fiye da kowa. A watan Yulin 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci aka saka shi a akwatin katako tare da likitan da zai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted za'a taho da shi Legas. Duk wannan shirin me ya rusa shi? Sakatariyarsa ta hango ta taga ta kira 'yan sanda, sannan akwatin ba'a yi masa takardu da alamar jakar diflomasiyya yadda doka ta tanada ba, don haka jami'an kwastam suka samu damar buɗewa. Mutum huɗu aka ɗaure, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami na tsawon lokaci. Ba Bond ne ya ceci Dikko ba, mace ce a bakin taga da ma'aikacin kwastam da ya tsaya akan ƙa'idar aikinsa, kuma irin duniyar da waɗannan finafinan suke nunawa kenan, inda takarda ɗaya da wani ya manta take rusa aikin manya.

Matasanmu ba baƙin abun bane gaba ɗaya, don kusan kowa ya san Mista Bin, kuma da yawa sun kalli Johnny English na 2003 inda Rowan Atkinson, wato shi Mista Bin ɗin, ya zama shi kaɗai ya rage bayan bam ya tashi da sauran jami'ai a wajen jana'izar da shi aka ba tsaronta. To wannan jikan waɗancan ne, dabarar ɗaya ce da ta 1964, an rasa na kirki an tura wanda ya rage, ga mataimakinsa mai hankali yana gyara masa ɓarna shi kuma yana karɓar yabo. Abun da zai baka mamaki biyu daga cikin marubutansa, Neal Purvis da Robert Wade, sune kuma suka rubuta wasu daga cikin finafinan Bond na gaske. Wanda yaji daɗin wancan in aka nuna masa tushen zai fi jin daɗi.

Don haka ranka ya daɗe ina roƙo ko sau ɗaya a wata ne a ɗauki fim ɗaya cikin waɗannan a bada labarinsa da Hausa, a haɗa da tarihin abun da yake faruwa a Ingila lokacin da aka yi shi, don in babu tarihin rabin dariyar bata fitowa. Sannan ina kira ga 'yan uwanmu masu fassarar finafinai a Kano, kun yi na Indiya kun yi na Amurka har da na Koriya, dan Allah ku gwada Our Man in Havana, magana ce tafi yawa a cikinsa ba faɗa ba, zai zauna daram a bakin Bahaushe, kuma ku nemi izinin masu shi ta hanyar da ta dace kafin ku taɓa.

Nagode da fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Mai karatu daga Zariya